Maganin da Ke Kare Tumbi, Me Yake Yi wa Hanji?

Likitan da zai ɗora dattijo mai ciwon gwiwa ko ƙugu a kan maganin rage zafi na tsawon watanni yakan haɗa masa da wani magani na biyu. Ga diclofenac ko naproxen ko ibuprofen domin ciwon, ga kuma omeprazole ko wani ɗan'uwansa domin kada tumbi ya yi gyambo. Wannan haɗi ba son rai ba ne. Yana cikin ƙa'idojin aikin likita a ƙasashe da dama, kuma ya raba mutane masu ɗimbin yawa da zubar jini ta ciki. Sai dai daga shekarun 2000 zuwa yau bincike ya yi ta nuna cewa kariyar tana da iyaka, iyakar kuwa ba ta da nisa da bakin fitar tumbi. Daga nan zuwa ƙasa ƙaramin hanji ne, mai tsawon da yakan kai mita 6. Maganin rage asid ba ya kare shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, akwai hujjar da ke cewa yana iya ƙara masa rauni, ta hanyar sauya irin bakteriyar da ke zaune a cikinsa.

Kafin a kai ga hanji, sai an san abin da ke faruwa a sama. A 1971 masanin magunguna ɗan Birtaniya John Vane ya gano cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, aikin da ya sa ya samu lambar Nobel a 1982. Waɗannan sinadarai su ne ke rura kumburi da raɗaɗi a gaɓar da ta yi ciwo, don haka idan an rage su zafi yakan lafa. Amma su ne kuma ke sa bangon tumbi ya fitar da yauƙin da ke lulluɓe shi, ya fitar da sinadarin da ke kashe kaifin asid, jini kuma ya riƙa kewaya shi yadda ya kamata. Maganin bai san gwiwa daban tumbi daban ba. Da zarar kariyar ta yi rauni, asid ɗin da tumbi ke zubowa da kansa sai ya fara cin bangon. A tumbi da kuma ɗan yankin farko na hanji da ke manne da shi, asid ne ke ƙarasa ɓarnar, shi ya sa rage shi yake magani.

Omeprazole ya shigo kasuwa a 1988 daga kamfanin Astra na ƙasar Suwidin, daga baya lansoprazole da pantoprazole da rabeprazole da esomeprazole suka biyo. Likitoci suna kiran wannan dangi da PPI. Suna toshe ɗan famfon da ƙwayoyin bangon tumbi ke turo asid da shi, toshewa ta dindindin, har sai jiki ya ƙera sabbin famfuna. Shi ya sa ƙwaya ɗaya take aiki tsawon yini. A ma'aunin tsami na pH, tumbin mai lafiya wanda bai ci komai ba yakan tsaya tsakanin 1 da 2, amma da wannan magani yakan haura 4 na sa'o'i masu yawa. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗi mai karatu: kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka daga 2 zuwa 5 asid ya ragu sau dubu ke nan. Akwai tsofaffin magunguna masu irin wannan aiki, kamar cimetidine da famotidine, amma ƙarfinsu bai kai haka ba.

To me ya sa aka daɗe ba a lura da hanji ba? Saboda ba a ganinsa. Bututun kyamarar da ake zurawa ta baki yana tsayawa ne jim kaɗan bayan tumbi, wanda ake zurawa ta ƙasa kuma babban hanji yake dubawa da ɗan ƙarshen ƙarami. Mitocin da ke tsakani sun kasance a duhu. Tun a shekarun 1980 Ingvar Bjarnason da abokan aikinsa a Landan suke nuna cewa hanjin masu shan waɗannan magunguna yana yoyo, yana kumbura, yana zubar da jini kaɗan-kaɗan, amma ta hanyar gwaje-gwajen fitsari da na bayan gida suka gane haka, ba da ido ba. Sai a 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata 'yar kyamara mai girman babban kafso, wadda wani kamfanin Isra'ila ya ƙera. Mutum ya haɗiye ta, ta bi hanji tana ɗaukar hotuna har ta fita.

Abin da kyamarar ta nuna ya girgiza masana. A 2005 David Graham da tawagarsa a birnin Houston suka duba masu amosanin gaɓɓai, suka tarar kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka daɗe a kan magungunan rage zafin suna da rauni a ƙaramin hanji, alhali kashi 10 ne kawai a cikin waɗanda ba sa sha. Ƙaramin bincike ne, mutum 41 duka-duka, amma wasu sun mara masa baya a shekarar. A Birtaniya an ba mutum 40 masu ƙoshin lafiya diclofenac tare da omeprazole na mako biyu, kashi 68 cikin 100 suka fito da sabon rauni. A wani gwajin da Jay Goldstein ya jagoranta a Amurka, kashi 55 na waɗanda aka ba naproxen da omeprazole sun samu ƙujewa ko gyambo a hanji, kashi 16 a rukunin celecoxib (wani maganin rage zafi da aka ƙera don ya fi sauƙi ga tumbi), kashi 7 a rukunin da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

Akwai wani abu a waɗannan gwaje-gwaje biyu na ƙarshe da ya cancanci a tsaya a kansa. Masu binciken sun haɗa da omeprazole ne don kare tumbin waɗanda suka ba da kansu, bisa zaton cewa ba ruwansa da hanji. Wato kowa da ya sha diclofenac ko naproxen ya sha omeprazole. Sakamakon ya tabbatar da cewa omeprazole bai kare hanji ba, amma bai iya raba gardamar ko da hannunsa a ɓarnar ba. A lokacin ma kusan ba wanda ya yi tambayar.

Dalilin da ya sa bai kare hanji ba a fili yake. Abinci na fita daga tumbi, ruwa mai kashe tsami daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yake tarbarsa, kafin a yi nisa asid ya mutu. Ɓarnar da ake gani a can ƙasa wasu abubuwa ne ke yin ta. Maganin rage zafin da kansa yana kutsawa cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji, ya dagula musu injinan samar da ƙarfi, sai haɗin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya yi sako-sako. Ta waɗannan kafofi ruwan matsarmama da sinadaran narkar da abinci da bakteriya suke samun hanyar shiga inda bai kamata su kai ba. Jiki kuma yana da masu tsaro da ke gane fatar wasu nau'o'in bakteriya, dangin E. coli. Da sun ji ta sai su kira fararen ƙwayoyin jini, yaƙin da za a gwabza a wurin shi ne ke haƙa gyambon.

Sannan ga wani zagaye da wasu daga cikin magungunan ke yi, musamman diclofenac da indomethacin. Bayan maganin ya shiga jini, hanta takan ɗaura masa wani ɗan sinadari mai kama da sukari domin ta kashe kaifinsa, ta zubar da shi cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji a kan hanyarsa ta fita. A nan wasu bakteriya masu wani sinadari na yanka suke cire abin da hanta ta ɗaura, su cinye shi, su saki maganin da kaifinsa a jikin bangon hanji. Ya sake shiga jini, ya koma hanta, ya sake dawowa. Shi ya sa ɓeran da aka yi wa allurar indomethacin, bai haɗiyi komai ba, yake samun gyambon hanji, idan kuma aka ɗaure masa magudanar matsarmama gyambon ba ya fitowa. Tun a 1977 André Robert da Asano suka nuna cewa ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwayar bakteriya a cikinsu ba suna jure wa indomethacin ƙwarai. A 2012 kuma aka gwada wani sinadari mai hana bakteriya yin wancan yanka, ya kare ɓeraye daga raunin diclofenac. Duk inda aka juya a wannan batu, bakteriya na tsakiyarsa.

A nan ne maganin rage asid yake shigowa. Asid ba narkar da abinci kaɗai yake yi ba, shi ne mai gadin ƙofar hanji. Mutum yakan haɗiyi kimanin lita ɗaya ta yawu a kullum, maƙare da bakteriyar baki da maƙogwaro, ban da waɗanda ke zuwa da abinci da ruwa. Mafi yawansu ba sa wuce tumbi da rai. Wannan na daga dalilan da suka sa farkon ƙaramin hanji yake da 'yan dubbai kawai a kowane mililita, alhali babban hanji yana ɗauke da kimanin biliyan 100 a kowane giram. Idan asid ya yi sanyi na watanni, masu wucewa sai su yawaita.

An ga hakan a jikin mutane. A 2016 mujallar Gut ta buga bincike biyu manya. Ɗaya daga jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, inda aka duba bayan gidan mutum 1,815, daga cikinsu 211 suna shan PPI. Kusan kashi 20 cikin 100 na nau'o'in bakteriyar da aka ƙirga sun sauya yawa a masu shan maganin, an kuma tarar da bakteriyar baki a can ƙasa inda ba gidansu ba, dangin Streptococcus da Enterococcus da Staphylococcus da E. coli sun ƙaru. Ɗayan an yi shi ne a kan tagwaye 1,827 a Birtaniya, shi ma ya ga ƙaruwar dangin Streptococcus. Amfanin tagwaye shi ne ana iya kwatanta mai sha da ɗan'uwansa da ba ya sha, gado ya fita daga lissafi. Tun kafin nan, a 2012, hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa waɗannan magunguna suna da alaƙa da gudawar da bakteriyar Clostridium difficile ke haddasawa.

Wanda ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne John Wallace, a jami'ar McMaster ta Kanada, cikin wani bincike da ya fito a 2011. Ya ba ɓeraye omeprazole ko lansoprazole na wasu kwanaki, sannan ya ƙara musu naproxen ko celecoxib. Tumbinsu ya tsira, amma hanjinsu ya fi na ɓerayen da ba su sha maganin asid ba gyambo da zubar jini. Da aka duba abin da ke cikin hanjin, sai aka ga dangin bakteriyar da Bifidobacterium ke cikinsa sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Bai tsaya nan ba, kuma matakai biyun da suka biyo baya su ne ƙashin bayan hujjar. Da aka riƙa ba ɓerayen bakteriya masu yawan Bifidobacterium suna kan shan omeprazole, ƙarin raunin bai auku ba. Da aka ɗebi bakteriyar hanjin ɓerayen da suka sha maganin asid aka zuba wa wasu da ba su da bakteriya ko ɗaya, waɗanda ba su taɓa shan omeprazole ba, sai su ma hanjinsu ya fi rauni da aka ba su maganin zafi. Ke nan ba maganin ne ke ƙona hanji kai tsaye ba, bakteriyar da ya bari a baya ne suke ɗauke da laifin.

Ɓera dai ba mutum ba ne, wannan zagaye na hanta da hanji ma ya fi ƙarfi a jikinsa. Gwajin da ya fi kusa da amsa tambayar a kan mutane an yi shi ne a Japan, ya fito a 2016. Mutum 57 masu lafiya aka ba celecoxib na mako biyu, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu da rabeprazole, wasu da ƙwayar da ba komai a cikinta. Kyamara ta ga rauni a hanjin kashi 44.4 cikin 100 na rukunin farko, da kashi 16.7 na rukuni na biyu. Bambancin babba ne, kuma ya dace da abin da aka gani a ɓeraye. Amma a yi adalci: mutum 57 ne, masu lafiya, mako biyu, kuma yawancin abin da aka gani 'yan ƙananan ƙuje-ƙuje ne da ba wanda ya ji su a jikinsa. Tsakanin ƙujewar da kyamara ta gani da jinin da zai kai mutum gadon asibiti akwai tazara.

Ina wannan ɓarna take bayyana a rayuwar mara lafiya? Galibi shiru take yi, ba ƙwannafi, ba ciwon ciki. Jini ne ke ɗiga a hankali har sinadarin ƙarfe ya ƙare a jiki, mutum ya fara kasala, yana haki idan ya hau bene, cikin idonsa ya yi fari. A duba tumbi lafiya lau, a duba babban hanji lafiya lau, a rasa inda jinin ke tafiya. Wani mutumin kuma furotin ɗin jininsa ne ke zurarewa har ƙafafu su kumbura. A wasu 'yan kaɗan da suka shekara da shekaru suna sha, tabon gyambon yakan zama siraran zobba da ke tsuke hanji har abinci ya kasa wucewa, cutar da aka bayyana a 1988. Ɓulewar hanji ma takan faru, ko da yake ba kasafai ba.

Alƙaluma biyu sun nuna cewa batun ya wuce hotunan kyamara. A Sifaniya Angel Lanas ya bi bayanan asibitoci daga 1996 zuwa 2005, ya ga masu kwanciya saboda zubar jini ko ɓulewa a tumbi da kewayensa sun ragu daga 87 zuwa 47 a cikin kowane mutum 100,000, na ƙasan hanji kuwa sun ƙaru daga 20 zuwa 33. Wannan bai tabbatar da cewa maganin asid ne sanadi ba, domin a shekarun jama'a sun ƙara tsufa, masu shan magungunan tsinka jini sun ƙaru. Sai kuma gwajin CONDOR na 2010, wanda ya ƙunshi masu amosanin gaɓɓai 4,484 na tsawon wata shida. A rukunin diclofenac da omeprazole kashi 3.8 cikin 100 suka samu matsala mai nauyi a wani sashe na hanyar abinci, a rukunin celecoxib kashi 0.9, kuma raguwar jini ce ta kawo mafi yawan bambancin. Kamfanin Pfizer mai yin celecoxib ne ya ɗauki nauyin gwajin, ya kamata a sani. Haka nan dangin celecoxib yana da tasa matsalar a wajen zuciya, ita ce ta sa aka janye ɗan'uwansa rofecoxib daga kasuwa a 2004.

An gwada hanyoyin kare hanjin, wasu kuma sun ba da fata. Misoprostol, wanda ke maye gurbin furostagilandin da aka rasa, ya warkar da gyambon ƙaramin hanji fiye da ƙwayar banza a gwaje-gwaje biyu na 2018, ɗaya a Hong Kong ɗaya a Sukotilan. Sai dai yana sa gudawa da murɗawar ciki, kuma haramun ne ga mai juna biyu domin yana zubar da ciki. Rifaximin, maganin kashe bakteriya da ba ya shiga jini sosai, ya rage raunin a masu lafiyar da aka ba diclofenac da omeprazole, wanda hakan ƙarin shaida ne cewa da hannun bakteriya a jikin mutum ma, amma ba mai hankalin da zai ɗora miliyoyin mutane a kan irin wannan magani na shekaru. An kuma gwada wani nau'in Bifidobacterium breve a 2019, ya rage ɓarnar asfirin a hanjin masu lafiya. Wannan sakamako na wannan nau'i ne kaɗai, ba shaida ba ce ga kowace kwalbar da aka rubuta wa "bakteriya masu amfani".

A ganina, kuskure mafi haɗari da mai karatu zai iya yi shi ne ya ajiye omeprazole ya ci gaba da diclofenac. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Zubar jini daga gyambon tumbi yana iya kashe mutum cikin dare ɗaya, kuma kariyar da PPI ke bayarwa a nan tabbatacciya ce, an gwada ta a kan dubban mutane. Wanda ya haura shekara 65, ko ya taɓa yin gyambo, ko yake haɗa maganin zafi da asfirin ko maganin tsinka jini ko sitiroyid, yana buƙatar kariyar. Babban gwajin da aka yi da pantoprazole a kan mutum 17,598 na kimanin shekara uku, wanda ya fito a 2019, bai ga yawancin illolin da ake jingina wa maganin ba. Abin da ya ƙaru shi ne cututtukan hanji masu kamuwa, kashi 1.4 cikin 100 maimakon 1.0. Wato dai abin da aka gani shi ne abin da labarin bakteriya ya yi hasashe, amma ɗan kaɗan.

Inda matsalar take a zahiri shi ne a wajen mutanen da ba sa buƙatar ɗaya daga cikin magungunan biyu, ko ma dukansu. Matashi mai lafiya da zai sha ibuprofen na kwana uku don ciwon haƙori ba ya cikin waɗanda ƙa'ida ta ce a ba su kariyar tumbi. Da yawa kuma an fara musu omeprazole a wata kwanciya asibiti, aka sallame su da shi, ba wanda ya sake tambayar dalili. Barinsa ma yana da nasa tarkon: a wani gwaji da aka yi a Danmak a 2009, masu lafiyar da suka sha esomeprazole na mako takwas, kashi 44 cikin 100 sun ji ƙwannafi ko makamancinsa bayan sun daina, saboda tumbi kan yi ramuwar gayya na wasu makonni. Mutum sai ya ɗauka cutarsa ce ta dawo, ya koma wa maganin. Shi ya sa likitoci kan janye shi a hankali.

Ta ɓangaren maganin zafin kuwa, shi ne tushen raunin, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi. Farasitamol ba ya cikin wannan dangi, ba ya yi wa hanji irin wannan ɓarna. Ga ciwon gwiwa ko na yatsu, diclofenac na shafawa kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa jini. Ƙwayoyin da aka yi wa rufi don kada su narke a tumbi ba mafita ba ne, domin a cikin hanji suke fashewa. Wanda kuma dole ya zauna a kan haɗin biyun na tsawon lokaci, abin da zai nema a wajen likitansa shi ne a riƙa auna masa yawan jini da sinadarin ƙarfe lokaci-lokaci. Idan suna raguwa alhali duban tumbi da na babban hanji ba su nuna komai ba, ƙaramin hanji ne wurin dubawa na gaba, kuma a gaya wa mai duban sunan kowane maganin zafi da ake sha, har da wanda mutum ya saya da kansa ba tare da takardar likita ba.